Mai Barci a Taron Litinin

Kowace Litinin wani tsoho yana shigowa ofishinmu na inshora lokacin taron ma'aikata, ya cire hula, ya ɗan rusuna wa injin buga takardu. A nan bagadi, wato teburin ibada, yake kafin a sayar da cocin nan ya zama ofis, kamar sauran da aka sayar a Montevideo. Ban san sunansa ba, kunya ta hana ni tambaya. Kwat ɗinsa ta sha guga har tana sheƙi, idanunsa sun yi luhu-luhu, zoben aure biyu ne a yatsa ɗaya, alamar matarsa ta rasu.

Yana jan kujera zuwa gindin ginshiƙin hagu, bayan masu taro. Ina jin a nan ya yi shekaru yana gyangyaɗi, matarsa tana zungurinsa.

Yau shugabarmu, Señora Etchegaray, ta gaji da shi, ta yafito mai gadi, sannan ta dubi tsohon.

"Baba, nan fa ba coci ba ne yanzu. Inshora za ka saya?"

"Barci nake nema, 'yata. A gida ba ya zuwa. Ke dai ci gaba, kin fi limaminmu Fada Anselmo iyawa."

Ta ɗan saki fuska. "Iya magana?"

"Shi sai ya kai rabin wa'azi nake tafiya. Ke kuwa kina buɗe baki, shi ke nan."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon yatsan nan nasa, sannan ta sallami mai gadi, ta ɗauki rahoton wata. Kafin ta juya shafi ya fara minshari. Ta harare mu, ta rage murya.