Ciwon da Ba a Kira wa Mai Goge

Ba a daɗe da saukar Nasara daga mulki ba aurena ya mutu, na koma gidanmu a wani ƙauye kusa da Tibiri. Ban gama sauke kayana ba labari ya iso daga Kumasi cewa ƙanena ya rasu, wanda ya tafi cin rani. Shi kaɗai ne namiji a cikinmu. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna. Abokin tafiyarsa ne ya kawo mana hularsa da bargo.

Innarmu ta yi kuka har muryarta ta dishe. Bayan sadakar arba'in ta daina tashi daga tabarma, ta daina wanka, fura ma sai an ɗura mata. Nan da nan mata suka ba abin suna, wai doguwa ce ta taɓa ta. Abin da ke da suna kuwa yana da magani. Aka kira mai goge, aka yanka baƙar akuya, aka yi kwanaki ana kiɗa a tsakar gidanmu. Ni dai ban san ko iskar ta ji ba. Abin da na gani shi ne Inna ba ta ƙara zama ita kaɗai ba: wannan ta tsefe mata kai, waccan ta zo da tsegumin bakin rijiya, wata ta zauna su yi kukan tare. Kafin bazara, Inna ta fara zagin kaji, muka san ta dawo.

Baba kuwa ko hawaye bai yi ba, maza suka yi ta yaba masa. "Dattijo ya yi haƙuri," in ji su, "namiji ke nan." Kowane yabo ƙara rufe masa baki yake yi. Ya bar saƙar zana da ya saba, ya bar zuwa kasuwa, ya koma zama bayan rumbu inda ba mai wucewa. Ni ke ɗauko akushinsa, na san tuwon da ke dawowa. Rigarsa ta yi masa yawa.

Ga shi ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama hira da ni ba, don kunyar ɗan fari. In yana son ruwa, sai ya ce wa iska, "A kawo ruwa." Wato wadda ta ga ciwon ita ce wadda ba ta da bakin tambaya.

Na je wurin tsohuwar da ta jagoranci kiɗan Inna. Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, namiji da gemunai za a kaɗa ma goge? Tsuhwa ce kawai." Na roƙi ƙanen Baba ya kai shi likita a Dogon Dutsi. Ya ce, "Mu ce ma likita mi? Ina ne ka yi mai ciwo?" Haushi ya cika ni har na kasa yi masa sallama.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, gari ya watse zuwa gona. Na same shi bayan rumbu, sungumi a kan cinyarsa, ƙwaryar iri a gefe, bai motsa ba. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na zauna a bakin tabarmarsa na ce, "Baba, mi ka damun ka?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ɗago kai, ya buɗe baki zai yi magana. Sai muryar wasu masu wucewa ta zo daga bayan darni. Ya gyara zama, ya kau da kai.

"A tashi," ya ce. "Mutane na gani."

Na tashi, na ɗauki sungumin da irin na tafi. Ni na shuka gonar a wannan shekara, shi kuma bai ga an yanke geron ba.