Na Hana Ƙanena Rufe Ido a Kan Gulbi

Shekarar da aka sami mulkin kai ina tuƙin kwalekwale a gulbin Rima, ina ƙetarar da masu shinkafa daga Zauro zuwa Birnin Kebbi. Ƙarfi gare ni lokacin, ga saurin fushi, ba na sauraren na ƙasa da ni. Ƙanena, wanda shi ma magidanci ne, shi ke tsayawa a goshin jirgi yana duban ruwa don ya faɗa mini inda yashi ya taso.

Ya sha gaya mini cewa in hantsi ya dubi ruwa yana walƙiya, kansa kan ɗauki wani irin zuuu, har ya manta inda yake. Ya roƙe ni in bar shi ya rufe ido in mun kai tsakiya. Na ce lalaci ne, da ido rufe wa zai ga yashi? Ran nan iska na kaɗa ruwa, haske na tsalle a kai, na ga ya sunkuyar da kai. Na daka mishi tsawa gaban fasinjoji, na ce ya kafa ido. Ya kafa. Sai jikinsa ya sandare, ya faɗa ruwa yana kakkarwa. Wata tsohuwa ta yi ihu cewa farfaɗiya ce, wanda kumfar bakinsa ta taɓa ya ɗauka. Kowa ya ja baya. Wallahi ni ma na tsaya. Kafin in yi ta maza in tsunduma, ya sha ruwa da yawa.

Daga baya wani malamin asibiti Kirista da ke zaune a unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi ya bayyana mini cewa ƙwaƙwalwa na aiki da wata 'yar wuta kamar ta lantarki, kuma haske mai ƙyaftawa kan hargitsa ta ga wasu mutane in sun zuba mishi ido. Ya ce ba a ɗaukar farfaɗiya a kumfa.

Ƙanena ya rayu, amma magana ba ta dawo mishi daidai ba. Ni ke noma mishi, ni ke aske shi, na gaji ƙwarai amma ban da bakin faɗa. Jama'a, in naku ya ce haske na damun sa, ku bar shi ya kau da kai. In ya faɗi, ku kama shi nan take. Ni na jira.