Jiniyar da Na Toshe wa Baki

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da jiniyar garinmu ta ƙi yin kuka ba, don ni na toshe mata baki da hannuna.

Ni mai gyaran rediyo da sola ne a wani ƙauye yamma da Batsari. Da ɓarayin shanu suka addabe mu, sai na haɗa wa gari wata dabara. Allon lantarki guda a kan dutsen da ɗan sintiri ke gadi, guda a ƙofar gidan mai unguwa haɗe da jiniya, doguwar waya a tsakaninsu. In ɗan sintiri ya danna maɓalli, saƙo ya bi wayar ɗigo-ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, allon gari ya karanta, jiniya ta ɗauka. Aka fara ce mini injiniya, kai kuwa ya kumbura.

Ashe wayar ta bi ta bayan rumfar mai walda. Da ya kunna injinsa sai hayaniyar wutarsa ta shiga wayar, allon ya ɗauka saƙo ne. Sau uku mata suna kwasar 'ya'ya su faɗa cikin dawa a banza, tuwo na ƙonewa a murhu. A na ukun wata tsohuwa ta faɗi ta goce a ƙugu.

Mai unguwa ya kira ni gaban jama'a ya ce, "Kai, muna gudun ɓarayi, kuma mu riƙa gudun abinka? In ta ƙara kuka ba dalili, da gatari zan sauke ta."

Na san maganin sarai. 'Yar ƙaramar kafasita, irin ta cikin rediyo, ake sa wa bakin wayar, daidai da saurin saƙon, sai zoben baƙin ƙarfe da ake zura wayar a ciki. Kamar rariya abin yake, ta tare tsaki ta bar gari ya wuce. To, ƙaramar sai Katsina, hanya kuwa ba kullum take biyuwa ba. Sai na ɓalle wata ƙatuwa daga tsohuwar rediyo na liƙa, ina cewa a raina ai babba ta fi ƙarama aiki.

Mai walda ya wuni yana aiki, jiniya tsit. Aka yi ta sa mini albarka. Saura gwaji. Na je har gindin dutsen, sai na tuna in na danna gari zai sake watsewa, na tuna gatarin mai unguwa, na juyo. Ko tunanin in cire jiniyar in gwada da ƙwan fitila bai zo mini ba sai da aikin gama ya gama. Wannan ne ke cin raina har yau.

Bayan sati biyu, da hantsi, ɓarayin suka zo a kan babura. Ɗan sintiri ya hango su tun daga nesa, ya danna, ya danna, shiru. Ƙatuwar kafasitar ta haɗiye hayaniyar, ta haɗiye saƙon. Kafin ya gangaro yana ihu sun kora garken wani dattijon Bafulatani maƙwabcinmu, ko ɗan maraƙi ba su bar masa ba.

Washegari dattijon ya zo rumfata. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga mini sanda. Sai ya zauna muka gaisa, har iyali ya tambaya. Can ya ce, "Malam, ɗiyana sun ce kar a kai shanu rafi. Ni na ce su kai, ai akwai jiniya." Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya bar garin da aka haife shi.

Garin neman gira na rasa ido. Babu wanda ya tuhume ni, kowa cewa yake ƙaddara ce, kuma wallahi hakan ya fi mini ciwo. Abin da na koya shi ne, aikin da kunya ta hana ka gwadawa, wani bawan Allah ne zai gwada maka shi da dukiyarsa.