Shafin da muka ji kunyar gogewa

Malam Bukar na Jakara ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye gaban mai ƙosai a Ƙofar Mazugal. Ɗansa Modu ne ya kira. Ya ce, "Baba Edita, Baba ya cika bayan asuba." Na ce masa to. Na karɓi ƙosan, na taka har gida, sai a bakin ƙofa na gane abin da aka faɗa mini. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

An yi masa sutura kafin azahar. Yanzu na dawo daga maƙabarta.

Ga waɗanda ba su san shi ba: shi ne ya rubuta manhajar da ƙananan maɗaba'un cikin gari suke tsara shafi da ita, boko da ajami a takarda ɗaya ba tare da layi ya karkace ba. In ka taɓa riƙe ƙaramin littafin addu'a ko katin ɗaurin aure da aka buga a Dala, mai yiwuwa aikinsa ka riƙe.

Na san shi lokacin da sojoji suka koma bariki. Ƙananan jaridu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, ni kuma ina gyaran rubutu a ɗaya daga cikinsu. Ranar da za mu kai aiki maɗaba'a kwamfutarmu ta mutu. Ban taɓa magana da shi ba sai gaisuwa. Wani ya gaya masa, sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, ya rungume tasa kwamfutar kamar jariri. Ya ajiye ta a teburina, ya ce, "In kun gama ku dawo da ita. Kada a zuba mata fura."

Shi Babarbare, ni Bafulatani. Daga ranar ban sake samun lafiya a bakinsa ba. In na shiga soronsa sai ya ce, "Ga bawana ya iso, ku ba shi tabarma kada iska ta ɗauke shi."

Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, shi ne ya riƙa kawo mana kunu da kansa. Bai taɓa shiga ɗakin ba. A bakin ƙofa yake miƙawa ya juya.

Manhajar nan kyauta ya sake ta. Ya ɗora ta a intanet don duk mai iyawa ya sa hannu ya gyara. Sannan ya zauna ya rubuta jagora da Hausa ga masu son shiga aikin: yadda za ka shirya kwamfutarka, kayan aikin da za ka girka a kanta, wanne kafin wanne, da inda ake samunsu. Har ya rubuta cewa wanda ba shi da intanet ya zo shagonsa ya karɓi faifai. A zamaninsa kowane layi gaskiya ne.

Sai zamani ya wuce. Waɗanda suka ƙera kayan aikin suka watsar da su. Adiresoshin intanet da ya bayar suka mutu. Shagon ma ya zama na sayar da takalma. Shi kuma ciwon suga ya taɓa idonsa, ya daina duba allon kwamfuta.

Abin da muka yi daga nan, ban san inda za a yi irinsa ba sai garin nan.

Babu wanda ya goge ko kalma ɗaya. A wurinmu ɗalibi ba ya soke maganar malaminsa, a gefe yake rubuta tasa. Don haka a ƙarƙashin inda Malam ya ce a fara girka kaza, sai wani ya rubuta, "Allah ya gafarta Malam, wannan a da ne, yanzu da wani ake aiki." A ƙarƙashinsa kuma wani ya ƙara, "Shi ma wancan ya daina, a duba ƙasa." Shafin ya koma kamar tsohon littafin fiƙihu: ga matani, ga sharhi, ga sharhin sharhi.

Bambancin shi ne, mai karanta fiƙihu yana da malami a gabansa. Wanda ya buɗe shafinmu shi kaɗai ne da laftof ɗinsa da 'yar datar da ya saya. Daga sama zai fara, kamar kowane mai hankali. Ya bi umarnin farko, komai ya cije. Ya yi kwanaki yana fama, ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya rufe ya tafi. Ba zai yi ƙorafi ba, domin ƙorafi yana nufin Malam ya yi kuskure.

Mutum ɗaya ne ya rage mai iya taɓa cikin manhajar: Sadiƙ, injiniya ɗan unguwar Dala. Shi ya gaya mini a bara, "Baba Edita, duk wanda na kawo, shafin farko ke korarsa. Ni kuma wallahi hannuna ba zai iya goge maganar Malam ba." Daga nan shi ma ya fara ja da baya.

Na yi shekaru ina datse jawabin manya a jarida ba tare da gabana ya faɗi ba. Wannan kam sai da na je na nemi izini.

Makon jiya ne, bayan la'asar. Na sami Malam Bukar a soro, ya jingina da bango, rediyo a gefensa.

"Wane ne? Na ji ƙamshin nono."

"Ubangidanka ne, Malam. Karatu na kawo."

"Bafulatani da karatu? To bismillah, mu ji."

Na karanta masa shafin daga sama har ƙasa, nasa da namu. Da na zo "Allah ya gafarta Malam" na farko ya yi dariya har da tari. A na biyu ya yi murmushi. Daga nan ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Ya ce, "Tsaya. Duk wannan yana nan a shafin? Har da maganar faifai?"

Na ce yana nan.

"Kun mai da ni matani ke nan? Yadda ake ɗaura ƙusa na rubuta fa, Edita."

Sannan ya tambaye ni:

"Yara nawa suka zo suka koma?"

Na ce ban san adadinsu ba, amma na ambaci waɗanda na sani. Ya san iyayen wasunsu. Ɗaya ma jikan aminin mahaifinsa ne. Ya daɗe yana murza carbi bai ja ba.

Ya ce, "Ni na ɗauka zamani ne ya ɗauke hankalin yara. Ina ta yi musu faɗa a zuciyata. Ashe ni ne zaune a bakin ƙofa na miƙe ƙafa."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na so in ce masa girmamawa ce ta sa, amma na ga ya riga ya sani, kuma sanin ne yake masa ciwo.

"Goge. Yanzu, a gabana."

Na ɗora laftof a cinya na goge. Tsohon umarni, sharhi, sharhin sharhi, duka. Abin da ya rage mai aiki bai cika rabin shafi ba. Ya ce in karanta, na karanta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

"To aika musu. Ka ce tsohon ya tashi daga hanya."

Ya raka ni da murya har na fita lungu: "Ka gaida shanu!" Kalmarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Na aika wa duk wanda nake da lambarsa. Wasu sun buɗe saƙon. Babu wanda ya amsa. Modu ya ce mini kullum sai Baba ya tambaya ko wani ya yi magana, shi kuma ya ce masa tukuna.

Yau a maƙabarta na ga Sadiƙ. Shi ya shiga kabarin tare da Modu. Da aka watse na tare shi a bakin hanya.

Ya ce, "Na ga gyaran, Baba Edita. Ya yi kyau ƙwarai."

Na ce, "Za ka dawo?"

Ya dubi ƙasa. "Na samu aiki a Legas. Jibi zan tafi da iyali. Da a bara ne..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

A wurin zaman makoki wani dattijo mai maɗaba'a ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Malam Edita, yanzu in abin nan ya tsaya mana, wa za mu kira?" Na ce masa Allah yana nan. Ni yankewa na iya, ban iya ginawa ba. Manhajar za ta ci gaba da aiki har ranar da za ta tsaya, ranar kuwa ba wanda zai tashe ta.

Ba na rubuta wannan don in roƙi kowa ya zo ya karɓi aikin ba. Na daina sa rai.

Ya Allah, ga bawanka Bukar ya zo maka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka mayar masa da hasken idonsa a inda ya fi nan. Ka sa kowane shafi na alheri da aka buga da aikinsa ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Modu da 'yan'uwansa da mahaifiyarsu haƙuri.

Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce haka. Ka tsaya, ka ɗaga hannu, ka ambaci sunansa: Bukar ɗan Malam Kyari. Allah ya jiƙansa.