Fangulan Kawu Sale

Ranar wata Asabar, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Kawu Sale ya tara mu a bayan gidansa da ke Azare: ni, da yayata Asabe, da matarsa Inna Kaltume. Mun zaci wasiyya zai bari. Ashe lambu ya fara.

Ya haƙa fangula, ya zuba takin awaki, ya raba wa kowane dangi shuka guda. Asabe alayyafo, Inna tattasai, ni kuwa wani tsinken lalle.

Na ce, "Kawu, ni namiji, me zan yi da lalle?"

"Kai ma me muke yi da kai? Ai ga shi muna riƙe da kai."

Sannan ya karanto doka: shukar mutum ba ta shan ruwa sai ranar da mai ita ya zo gaisuwa.

Kai, an sha ruɗani! Asabe da ke maƙwabtaka tana leƙowa sau uku a yini, har alayyafonta ya ruɓe. Ta ce, "Kawu, ya zan yi?" Ya ce, "Rage surutu, ki zo sau ɗaya."

Baffa Idi na Katagum ya yi waya ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar kuɓewarsa. Kawu ya kai wayar bakin fangali ya ce, "To, ga ta, zuba mata ta nan."

Inna ma ba ta tsira ba. Ta ce, "Malam, gida ɗaya fa muke kwana!" Ya ce, "Wucewa kike yi, ba gaisuwa ba."

Ni aiki ya riƙe ni a Bauchi wata bakwai. Ban zo ba sai ranar jana'izar Kawu. Bayan an watse na zagaya baya, ina kunyar busasshen icen da kowa zai gani da sunana. Sai na tarar da lalle kore shar, ya kai ƙuguna.

Na ce, "Inna, ke kika karya doka?"

"Wa, ni? Wurin alwalarsa ya mayar gindin lallen. Na yi magana, ya ce shi bai ba kowa ruwa ba, alwala yake yi, ruwa ne ke bin hanyarsa."

Sau biyar a yini, wata bakwai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da wanda bai zo ba.

Butarsa tana nan gindin lallen. Duk Asabar nake shiga motar Azare.