Zagayen Jabbo

Idan aka kai mu hutu Zungur lokacin sanyi, bayan sallar isha'i Dada, kakarmu ta wajen uwa, takan hura wuta da karan dawa a bakin ɗakinta. Mu kewaye ta muna gasa dankali a toka. Ni take fara tsokana: "Matso, angona mai rowa, ga ta nan ta iso." Mu ce ta shigo mu ji ta.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta Jabbo, makiyayi mai tsoron kura. Wata magariba ya zagaye garkensa yana jan sanda a ƙasa. Da safe ya tarar da shanu cif, sai ya ce layin ne ya tsare su. Daga nan kullum sai ya ja, in ya yi shakkar layin ya yanke, ya sake. Abin ya hana shi barci, ya daina fita kiwo da wuri, shanu suka rame. Ran nan kunama ta harbe shi, ƙafa ta kumbura, ya kasa jan layin, ya kwana yana kuka. Gari ya waye ko ɗan maraƙi bai ɓata ba.

"Sai ya gane?" muka tambaya.

"Ina!" in ji Dada. "Cewa ya yi albarkar layin jiya ce ta rage. Sai da ƙafar ta daɗe ba ta warke ba, kullum yana ganin shanunsa lafiya, sannan zuciyarsa ta sake shi."

Na girma, na yi aure, na koma Gwallameji, na sayi mota. Nan waswasi ya kama ni. Duk sanda taya ta faɗa rami, sai zuciyata ta ce mutum na take. In juya in duba, in ga babu kowa, in ji sanyi. Kafin in yi nisa in sake juyawa. Makara ta kusa raba ni da aikina.

Matata Hadiza ce ta kai ni asibiti. Na ce wa likitar: "Ki fara cire mini tunanin, sai in daina juyawa."

Ta ce: "Malam Sani, juyawar ce ke ciyar da tunanin. Za mu rage ta sannu a hankali."

Ranar da na fara wuce rami ban juya ba, Hadiza na gefena, rigata ta jiƙe da gumi. Na ce mata sa'a kawai na ci. Da kalmar ta fito na tuna Jabbo, sai dariya ta ƙwace mini, ta dube ni kamar na zautu.

Muna yara mun ɗauka Dada na ba mu labarin wawa ne. Yanzu na san Jabbo ba wawa ba ne, mai son shanunsa ne wanda bai taɓa ba kansa damar ganin gaskiya ba. Har yau tunanin yakan leƙo. Nakan ji shi, in riƙe sitiyari, in wuce wurin aiki. Alhamdulillahi.