Baƙin Man Motar Babana

Babana mahauci ne, jikan mahauta, kuma duk abin da ya sani a duniya da yatsu biyu ya san shi. In ya kama ƙirjin bijimi a kara, kasuwar shanu, ya matsa, zai faɗa maka kitsen da ke ciki tun ba a sa wuƙa ba, ban kuma taɓa ganin ya kuskure ba. Da fatauci ya buɗe masa ya sayi tsohuwar motar ɗaukar shanu mai shan gas, sai ya ɗauka inji ma haka yake. Zai tsoma yatsa a baƙin mai ya murza, sannan ya raba yatsun a hankali. In man ya yi kauri ya ja zare, to shi ne mai. In ya tsinke da wuri, a wurinsa ruwa ne.

Ni ne direban motar. Kafin nan na yi shekara shida a wani gareji a Talata Mafara inda ba a taɓa komai sai manyan motoci da tarakta, kuma a can na ga cikin injin da aka shayar da irin man da Baba yake yabo. Da muka buɗe shi, duk hanyoyin da mai ke bi sun toshe da wani baƙin abu kamar kunun da ya kwana. Injin gas yana tara kunkunniya a cikinsa. Man da aka yi dominsa yana kwashe ta ya riƙe har ranar juye, wanda ba nasa ba kuwa barinta yake ta daskare. Shi ya sa ba na sayen mai sai a galan rufaffe, in duba lambar sha biyar da arba'in, in duba harafin da ke nuna na injin gas ne. Haka na yi ta yi ban tambayi kowa ba, Baba kuma bai taɓa leƙa abin da nake zubawa ba.

Sai wani amininsa, wanda suka yi kiwo tare tun suna yara, ya kafa duro a bakin kasuwa ya fara sayar da mai a kan mudu.

Ranar wata Talata ce, kasuwa ta cika. An gama loda shanu, rabi namu, rabi na amanar mutane, za mu kai kudu. Na tsiyaye tsohon mai tun da safe na tafi ɗauko sabo. Ina dawowa da galan a kafaɗa na tarar da jarka a gindin mota, Baba na tsaye a kanta, amininsa na gefe, ga dillalai da masu lodi sun yi da'ira.

"Aje wancan," in ji Baba. "Zuba wanga. Dubi yadda yaka jan zare."

Na tsoma yatsa na shinshina. Ƙauri yake yi. Na ɗaga yatsan a rana sai na ga ƙananan abubuwa suna ƙyalli, garin ƙarfe ne. Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci muryata ba ta san ƙasa ba.

"Baba, man ga ba sabo na ba. Juyen wata mota na anka tace. Ba ni tuƙa ta da shi."

Aminin Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Sai a lokacin na lura da yawan kunnuwan da suka ji ni.

"Mi kac ce?" in ji Baba.

Wannan tambayar ƙofa ce ya buɗe mini in fita da mutuncina da nasa. Na gan ta sarai. Amma na dubi shanun da ke cunkushe a sama, na tuna kwanakin da za su yi a hanya, sai na maimaita abin da na faɗa.

"Kawo makulli," ya ce.

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya aika tasha aka kira wani direba mai jiran aiki, aka zuba man jarka ina kallo, mota ta tashi lafiya lau ta kama hanya. Kuma ta je ta dawo. Ta sake zuwa ta dawo. In na bi ta cikin mahauta sai in ji ana cewa, "Injiniya, ya jikin motar?" Ban san lokacin da na ji kunya irin ta kwanakin nan ba, amma ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini man nan yana da kyau ba.

Inna ce ta kasa haƙuri ta aika wa Baffa, ƙanen Baba, ya zo ya raka ni ban haƙuri. Bayan la'asar muka sami Baba a zaure. Na cire takalmi na durƙusa, na ce na ɗaga murya a gaban mutane, na kunyata amininsa, ya yafe mini don Allah. Da zuciya ɗaya na faɗa, don wannan laifina ne. Baba ya gyaɗa kai. Na ga hannunsa ya nufi aljihun da makullin yake.

Sai Baffa ya taɓa ni da ƙafa. "Ƙarasa mana. Ka ce mai na da kyau, kai ab ba ka gane ba."

Kalmomi kaɗan ne, da na faɗe su da na kwana da makulli. Amma na san in na ce haka, gobe da hannuna zan zuba shi, kuma ni zan zauna a kan sitiyari da dukiyar mutane a bayana.

"Baffa, wanga kam ba ni iya faɗi nai."

Baba ya zare hannunsa daga aljihu ba komai a ciki. Ya ce ya yafe mini, in tashi in tafi.

Na koma Bakura na kama tuƙin tarakta a gonakin shinkafar Bakolori. Mai taraktar bai damu da irin man da zan saya ba, shi dai a yi masa haro a kan lokaci. Da kaina nake ɓalle murfin galan, in na juye kuma in huda gindinsa da wuƙa don kada wani ya cika shi da wani abu ya sake sayarwa. Duk Juma'a nakan je gida gaisuwa. Baba zai amsa mini cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa a gona, amma ba ya ambaton mota. Wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Ina kewar hanya, ina kewar zaman da muke yi a gaban mota yana ba ni labarin shanu.

Bayan wata biyar Inna ta ja ni ɗaki ta gaya mini. Injin motar Baba ya buga a hanya da tsakar rana, shanu a ciki. Kafin a samo wata mota, uku daga na amana sun kwanta, dole aka yanka su a bakin titi. Baba da ƙafarsa ya bi gidajen masu su yana ba da haƙuri. Ba zan ɓoye ba, da farko wani daɗi ya ɗarsu a raina. Amma da na fito na hango shi a zaure, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa, sai daɗin ya koma mini ɗaci. Na gaishe shi kamar kullum.

Bayan sati biyu ina haro da hantsi na ga kabu-kabu ya sauke wani dattijo a kan kunyar gona. Ganin Baba ne, sai na kashe tarakta na sauko da gudu na durƙusa a cikin taɓo. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya yaba shinkafar maƙwabta. Ya zagaya tarakta yana kallonta kamar wanda zai taya. Can ya ce, yana duban nesa:

"Ina da wani aboki can wajen Maradun. Anka gyara mishi injin mota. Yac ce in tambaya mishi wane irin mai ya kamata shi zuba."

Na san duk abokan Baba na Maradun, ba mai ko keke a cikinsu. Na gyara tsayuwa na yi wa abokin bayani tsaf: galan rufaffe, lambar da zai duba, harafin da zai nema, ya kuma canza filta duk juye. Baba yana ji yana gyaɗa kai, har da cewa in maimaita lambar.

"Zan gaya mishi," ya ce. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Abokin nan nau kuma ba shi da direba."

Na goge taɓon hannuna a jikin riga.

"Baba, a ce mishi ina zuwa ran Talata in Allah Ya yarda. Amma ni za ni sayen mai."

Bai waiwayo ba.

"Ya sani," in ji shi.